Wa Ke Ƙirga Tsuntsayen Lekki?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga tsibirin Biktoriya ta nufi Epe a Legas ya san abin da ake kira cunkoso. Tifofin yashi, tirelolin siminti, 'yan talla a tsakiyar titi, ga allunan dillalan filaye ko'ina ka waiga. Amma kafin ka kai Ajah, daura da harabar kamfanin Chevron, akwai wata ƙofa da in ka shiga ka yi tafiyar 'yan mintoci, ƙarar motoci za ta fara ja da baya, kukan tsuntsaye ya karɓe ta. Wannan ita ce Cibiyar Adana Halittu ta Lekki, kurmi da fadama mai faɗin hekta 78, wato filin ƙwallo ɗari da 'yan kai. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCF, ita ta killace wurin a 1990 da tallafin Chevron. Marigayi Cif S. L. Edu ne ya jagoranci kafa gidauniyar a 1980. A lokacin da aka kewaye kurmin, yawancin zirin Lekki haka yake: tukurwa, kwakwar manja, ruwa kwance, sai ƙauyukan masunta jefi-jefi. Yau kusan shi kaɗai ya rage a wannan yanki, gine-gine sun zagaye shi.

A 2015 aka buɗe wata gada mai lilo da ta ratsa ta saman bishiyoyi, tsawonta mita 401, wadda ake yi wa kirari da cewa babu irinta a tsawo a duk Afirka. Tun daga nan wurin ya samu kasuwa. Ranar Asabar da Lahadi da ranakun hutu za ka tarar da layi, 'yan makaranta da iyalai da masoya, kowa da waya a hannu. Ana hawa ana ihu, ana ɗaukar hoto, a sauko a ci abin da aka zo da shi in birai ba su riga sun fizge ba, a ɗauki hoton ɗawisu, wanda asalinsa ma tsuntsun Indiya ne, a kama hanyar gida. Ba na ƙyashin kowa da wannan nishaɗi. Kuɗin ƙofa ne ke biyan masu gadi, kuma kurmin da jama'a ke so ya fi wuyar ƙwacewa. Abin da ke damuna shi ne mutum dubu za su ratsa ta cikin rassan bishiyoyi, inda tsuntsaye ke kiwo, da wuya ka samu goma da za su iya faɗa maka sunan tsuntsu ɗaya da suka gani. Ni kuwa a ganina, lafiyar wannan kurmi a jikin tsuntsayensa ake duba ta, kuma in babu 'yan ƙasa masu kallonsu suna rubutawa, zai iya mutuwa a tsaye alhali tikiti na ƙara sayuwa.

Kallon tsuntsu a kurmi ya bambanta da na daji irin namu. A arewa fili ne fetal, ka hango gauraka ko zalɓe daga nesa. A kurmi ganye ya rufe komai, saboda haka kunne ne ke jan ido. Lokacinsa daga fitowar rana ne zuwa hantsi, kafin zafi ya sa su yi lamo. Mutum zai bi hanyar katako da aka shimfiɗa a kan fadamar, ya rage sauri, ya daina surutu, ya tsaya. Abu na farko da zai ji watakila ragon maza ne, can cikin duhuwa, da kukan nan nasa kamar ana tuttular da ruwa daga gora. Sai kurciya. Sai wani shuɗin tsuntsu mai dogon baki ja da baƙi, na dangin masu kamun kifi, zaune a reshe ko motsi ba ya yi, yana dakon ƙaguwa ko fara. Ba a nuna shi da hannu a yi tsalle. Ana faɗa wa na kusa a hankali: bi wancan kututturen, reshe na biyu ta hagu. Wanda ba shi da tabarau mai hangen nesa ma zai ga rabonsa, in dai yana da haƙuri.

Wanda ya fi kowa saurin bayyana shi ne ɗan'uwan cilakowarmu, baƙi da fari, mai ƙaton baki ruwan madara. Yakan kaɗa fiffike sau 'yan kaɗan, ya saki jiki ya yi lilo, ya sake kaɗawa. Labarin aurensa kaɗai ya isa a yi masa tattaki. In macen za ta yi ƙwai, sai ta shiga kogon bishiya, a liƙe ƙofar da laka da kashinsu da ɓarɓashin 'ya'yan itace, a bar 'yar tsaga wadda baki kawai ke iya wucewa. A ciki take zubar da gashin fiffikenta, ba ta iya tashi ko da an buɗe. Namijin ne ke jigilar abinci yini guda, makonni a jere, yana miƙa mata ta tsagar. In wani yaro ya harbe shi a wannan tsakani, ya kashe gida guda. Wannan tsuntsu ba ya iya fafe kogo da kansa, sai ya samu tsohuwar bishiya mai rami. Kuma shi ne ke haɗiye 'ya'yan itatuwa ya je ya kasayar da ƙwallayen a wani wuri su tsiro. Don haka duk shekarar da masu kallo suka lura ya fara ƙaranci, sun gano abu biyu tun kafin masu safiyo su gano: manyan bishiyoyi na ƙarewa, kuma mai shuka sababbi ya tafi.

Akwai kuma baƙon da ya kamata kowane ɗan arewa ya gaisa da shi in ya haɗu da shi a Legas, domin ɗan gida ne. Wani siririn tsuntsu ne mai cin ƙudan zuma, kore-kore, da farin maƙogwaro da baƙar ɗamara a wuya, da dogayen gashi biyu a wutsiya. Da damina yana can bakin hamada, a ƙasashen Sahel, har da arewacin Najeriya da Nijar, inda yake haƙa rami a cikin rairayi ya yi ƙwai, 'yan'uwa na taya iyaye ciyar da 'ya'ya. Da kaka ta yi sai ya yi ƙaura zuwa kurmin kudu, ya zauna har ruwa ya kusa sauka a arewa. Ɗan ci-rani ne sosai da sosai. A kudun ya koyi wata dabara da ba a san danginsa da ita ba: in kuregen bishiya na ɓare kwakwar manja yana yar da ɓawon, sai tsuntsun ya zauna a ƙasa da shi, ya cafke ɓawon mai maiƙo a iska kafin ya kai ƙasa. Tun a shekarun 1960 aka rubuta wannan ɗabi'a a Najeriya. Mutumin da ya yi suna a duniya kan sanin wannan dangi na tsuntsaye, Hilary Fry, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya koyar a wancan zamani.

Shirwa ma haka take. Wadda ke shawagi a kan kasuwannin Legas da rani ita ce ke bin ruwa zuwa arewa da bazara. Manomin ƙasar Hausa bai taɓa buƙatar a gaya masa ma'anar zuwan shamuwa ba. Da ya ga ta sauka a kan kuka ko rimi, ya san lokacin gyaran gona da neman iri ya yi. Shamuwar nan kudancin Afirka take zuwa ta yi rani. Ashe kallon tsuntsu da karanta saƙonsa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ba mu yi ba shi ne rubutawa da rana da wata da adadi.

Na san abin da wani zai ce. Ana fama da tsadar masara da kuɗin mota, wane ne zai bar neman na tuwo ya tsaya yana leƙen tsuntsu? Aikin Turawa ne da cikinsu ya cika. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ba. Ko a Alƙur'ani, cikin Suratun Namli, an ba mu labarin Annabi Sulaiman (AS) yana bin rundunar tsuntsaye yana dubawa, har ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambayi dalili. Mai mulkin mutane da aljanu bai ɗauki rashin tsuntsu ɗaya ƙaramin abu ba. Mu kuwa tsuntsu guda ya ɓace mana ɗungurungum a gaban idonmu ba mu tambaya ba. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda ungulu ke cika mahauta da bayan kasuwa da kan rufin kwano a garuruwanmu. Yau yara da yawa a Kano ko Katsina ba su taɓa ganin ta ido da ido ba. A 2015 hukumar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da farauta don sayar da kai da ƙafafunta ga masu tsibbu na cikin manyan dalilai. A wace shekara ta fara raguwa a garinku? Babu mai iya faɗa, saboda babu wanda ya ƙirga lokacin da take da yawa.

A Indiya an samu mai ƙirgawa. Wani masani, Vibhu Prakash, da ya daɗe yana lissafin ungulaye a gandun Keoladeo, shi ya fara kwarmata cewa suna ƙarewa a ƙarshen shekarun 1990. Bincike ya gano maganin kashe zafi ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Wasu nau'o'in sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. An hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Wani nazari da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa mushen da ya riƙa ruɓewa ba mai ci, da gurɓatar ruwa da yawaitar karnuka da suka biyo baya, sun jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Wanda ya ce lissafin tsuntsu ba ruwan talaka, sai ya duba su wane ne suka mutu a can.

Mu koma Lekki. A 2023 aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa mai zurfi da matatar man Ɗangote a gabashin zirin, a 2024 kuma aka fara aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700. Ba ni cikin masu cewa kada a gina komai. Mutane na buƙatar aiki da muhalli, kuma dubban 'yan arewa na cin abinci a waɗannan ayyuka. Amma kowace fadama da aka cike da yashi tana da aikin da take yi kafin a cike ta, wato shanye ruwan sama, kuma mazauna Lekki sun san yadda titunansu ke komawa da damina. Shi kuwa kurmin da aka killace, katanga ba ta isa ta tsare shi ba. In an toshe hanyar ruwan da ke shiga da fita, fadamar za ta bushe ko ta ruɓe. In an sare kurmin da ke maƙwabtaka da shi, tsuntsayen da ke buƙatar fili mai faɗi za su ragu ɗaya bayan ɗaya, a bar hankaka da irin waɗanda ke rayuwa a kowace bola. Ganye zai ci gaba da zama kore, gada za ta ci gaba da lilo, mai ɗaukar hoto ba zai ga bambanci ba. Mai littafin lissafi na shekara goma ne kaɗai zai iya tsayawa gaban hukuma ya ce ga abin da muke da shi a da, ga abin da ya rage, ga shekarar da aka fara asara. Dillalin fili yana zuwa da takardu da lauya. Kurmi ma yana buƙatar nasa takardun.

Kurmi kan iya ciyar da maƙwabtansa ma. A gaɓar tekun Kenya, arewa da Mombasa, akwai kurmin Arabuko-Sokoke, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 420, mafi girman abin da ya rage na kurmin gaɓa a gabashin Afirka. Mutane na tasowa daga Turai da Amurka don ganin wata 'yar mujiya da ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba, wadda ba a samunta sai can da wasu 'yan wurare ƙalilan. Masu kai su wurinta 'yan ƙauyukan gefen kurmin ne, kuma da wannan suke ci da iyalinsu. Tun 1993 wani shiri mai suna Kipepeo ya koya wa manoman wurin kiwon malam-buɗe-littafi, ana sayar da su ga gidajen nuni a ƙasashen waje. Ƙungiyar A Rocha kuma ta kafa asusun da ke biya wa 'ya'yan maƙwabtan kurmin kuɗin sakandare daga abin da baƙi ke kashewa. Har yau ana satar itace da kafa tarko a can, ba aljanna ba ce. Sai dai mutumin da kuɗin makarantar 'yarsa ke fitowa daga kurmi ba ya buƙatar a yi masa lacca kan muhalli. Kuma sheƙar wani nau'in kabare na yankin, da masana suka shafe shekaru suna nema, a 2013 aka fara ganinta, da idon 'yan sa-kai na ƙauyukan Dakatcha.

Mu a arewa muna da abin da ya fi Lekki girma nesa ba kusa ba. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru masauki ne na dubban ɗaruruwan tsuntsayen ruwa da ke ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya duk shekara. A 1989 Yarima Philip na Ingila ya taka har Dagona a ƙasar Bade don ganinsu, a 2000 kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tun bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke raya dausayin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da tsuntsaye duk suka ji a jikinsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Manomin wannan yanki zai ce da ni, Malam, tsuntsun da na sani shi ne jan-baki, wanda ke cinye mini gero da shinkafa a yini ɗaya. Gaskiyarsa. Amma ko feshin jan-bakin ba ya yiwuwa sai an samu wanda ya san inda suke kwana da lokacin da suke ƙyanƙyasa, in ba haka ba a zuba guba a kan ruwan da mutane da dabbobi ke sha a banza. Akwai kuma matsalar tsaro, wadda ba a ɓoye take ba: dazuka da dama ba sa shiguwa, kuma wanda aka gani da tabarau mai hangen nesa a bayan gari sai ya yi bayani. Wannan ma dalili ne na a fara daga inda ake iya zuwa, kamar harabar jami'o'i, bakin dam, gandun gwamnati na kusa da gari, da kurmi irin na Lekki ga mazauna Legas.

Ba daga sifili za a fara ba. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, a gefen dajin Amurum, wadda tun farkon shekarun 2000 take yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, 'yan sa-kai na shiga kowane gida suna rubuta abin da suka gani ta wayar hannu, kuma akwai tawagar Arewa a cikinsu. Ƙasar nan na da nau'in tsuntsaye sama da 900. Masu lissafin ne suka yi kaɗan.

Su wa za a ɗauka? Ni dai da za a tambaye ni, yaran nan masu danƙo a wuya zan fara nema. Babu wanda ya kai su sanin inda kowane tsuntsu ke sheƙa, da abin da yake ci, da kukansa na safe da na tsoro. Ilimin yana nan, hanyar da aka nuna masa ce kawai ta kisa. Amurkawa ma ta nan suka bi. A da al'adarsu ce ranar Kirsimeti a fita gasar harbi, wanda ya fi tara gawar tsuntsaye shi ne gwani. A 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce a maimakon harbi a fita a ƙirga. Mutum 27 suka amsa a shekarar farko. Har yau ana yin wannan ƙidaya duk shekara, kuma tana cikin tsofaffin bayanan da masana ke dogara da su. Haka tsofaffin mafarauta da masunta, waɗanda ke riƙe da sunayen tsuntsaye na Hausa da Bade da Kanuri da Fulatanci da Yarabanci, ya kamata a zauna da su da littafi tun suna raye. Yaron da aka ce masa wannan burtu ne, wancan dinya, wancan kirinjijiya, ya fi saurin kamawa da wanda aka fara masa da sunan Latin.

Ga masu kula da Lekki, shawarata ƙarama ce. A ware wasu safiyoyi na musamman ga masu kallon tsuntsu kafin layin gada ya taru, da rangwame ga ɗalibai, da jagora daga unguwannin kusa wanda ake biya. A riƙa buga lissafin tsuntsayen wurin duk shekara kamar yadda ake faɗin adadin baƙi, don jama'a su ga ko ana ci gaba ko ana baya. Gwamnatocin Jigawa da Yobe da hukumar gandun dajin ƙasa su yi wa Dagona da Baturiya, da ke cikin dausayin Haɗeja zuwa Nguru, irin wannan, jami'o'inmu kuma kowacce ta san tsuntsayen harabarta.

Kai kuma ɗan'uwa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ko kake zuwa Legas fatauci, ka ware safiya ɗaya tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da baƙin arewa ke can. Ka tafi da yaranka da ɗan littafi da biro. Ku hau gadar in kuna so, amma kafin nan ku tsaya a hanyar katako na rabin awa ba magana, ku rubuta duk abin da kuka gani da kwanan wata, ko da siffarsa ce kawai. In kun koma gida hutu, ku yi haka a bakin rafin garinku, ku ajiye littafin don baɗi.